Mai Saye na Ƙarshe

Da sunan Wanda Ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu da wanda ba a gama ƙirga ƙafafunsa ba, Ya yanka wa kowa abincinsa, Ya yanka wa kowa kwanakinsa. Bayan haka, ya kai mai karatu, ko kai da ake karanta wa, gyara zama. Ni ne Cindo ɗan Nomau, mai sandar kima a ƙasar Zarnaƙi, can bayan Kogin Baƙin Yashi, inda dodanni suka fi shanu yawa kuma suka fi su riba. Na taka fadamun gishiri, na hau tsaunukan tagulla, na sa hannu a bakin abin da ya cinye jarumai. Amma duk wannan yawo abu ɗaya nake nema, in na faɗa ma sai ka yi dariya: in zauna gaban akushi ɗaya da wani ɗan Adam, hannuna da nasa su yi karo a cikin miya.

Ga yadda abin yake. A Zarnaƙi kashe dodo sana'a ce, kamar jima ko saƙa. Mafarauta kan fita tawaga-tawaga, da mai mashi, da mai baka, da boka mai ɗorin karaya, da wani siririn mutum mai buɗe abin da aka kulle, wanda a ko'ina ɓarawo ake ce masa sai a can. Kafin su fita sukan shimfiɗa buzu su jefa wasu 'yan ƙasusuwa masu fuskoki da yawa, su ga ko tafiyar ta yi. To a da, wajen rabon gawa, mafarautan da suka mutu a hannun abokansu sun fi waɗanda dodo ya ci. Shi ya sa dattawan birnin Kasuwar Ƙaho suka kafa gidan kima, suka ce in dodo ya faɗi ba mai sa masa wuƙa sai mai sanda ya zo ya duba, ya buga sandarsa a ƙasa, ya faɗi abin da gawar ta kai. Da wannan ake rabo, da shi 'yan kasuwa ke taya.

Ni kuwa na baro garinmu ina saurayi, wai neman ilmi, na iso Kasuwar Ƙaho da yunwa da baki mai yawa. Wani tsohon mai sanda, Baba Tunau, ya ga yatsuna shida ya ce hannun ya yi kama da na aiki, ya ɗauke ni. A wurinsa na koyi ƙwanƙwasa ƙaho in ji ko na ciki ya ruɓe, da sansanar matsarmama in san shekarun dodo, da bin fata ina neman inda mashi ya ɓata ta. Na san kitsen da fitilarsa ba ta mutuwa a iska, na san haƙorin da maƙera ke rububi da wanda ko kare ba ya ɗauka.

Ranar da za a ba ni sanda, Baba Tunau ya zaunar da ni ya ce, “Yaro, daga yau gidan kima ya saye ka. Mai sanda ba ya ci da kowa, ba ya karɓar ko ɓarin goro, ba ya hira da mafarauci sai ta aiki. Wanda ya ci da kai ko ya ba ka wani abu, kimar da ka faɗa masa ta rushe. Ladanka gidan zai riƙa ajiye maka. Ranar da ya kai diyyar mutum ɗaya, ka fanshi kanka, ka ajiye sanda, ka koma mutum.”

Na ce, “Baba, ai wannan aikin 'yan shekaru ne.”

Ya dube ni ya ce, “Haka ni ma na ce.” Da sandarsa a hannu ya rasu, Allah Ya ji ƙansa.

Farkon abin ban damu ba. Ana girmama ni, ana matsa mini hanya, jarumai masu tabo har wuya suna yin shiru in na tsuguna gaban gawa. Sai dai da an gama rabo kowa ya kama ɗan'uwansa, a ɗora tukunya, a hau ba'a da dariya, ni kuma in ja jakata in koma gindin wata bishiya da ƙanzona da ɗan yajina. Kaɗaici ba ya zuwa da ihu. A hankali yake shiga mutum, har wata rana na tsinci kaina ina gaishe da jakina ina jiran ya amsa.

Shekaru sun ja kafin a kira ni Fadamar Gishiri, inda tawagar wata mata mai suna Tsahara ta kayar da kadan gishiri. Kada ne wanda bayansa ya isa a yi masa gona, jikinsa fari fat da gishirin da ya daskare. Darajarsa tana ciki, wani dutse ne a bayan maƙogwaro da masu magani ke nema ido rufe, kuma ba a sanin girmansa sai an shiga. Na tambayi Tsahara ko ya mutu. Ta ce ya mutu murus, tun hantsi bai motsa ba. Suka tokare bakin da gungume, na tuɓe riga na rataya jakata na shiga da rarrafe.

Ashe suma ya yi, ɗan banza. Ina cikin lalube na ji gungumen ya ce ƙaras, duhu ya rufe ni, naman da ke ƙarƙashina ya fara tura ni ƙasa. Daga waje ina jin ƙafafu suna ta kansu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zai nemi inda na shiga. Na soka sandata a gicciye cikin maƙogwaron na rataya a kanta, na lalubo ƙullin yajina, na watsa shi duka sama wajen da iska ke shigowa. Kadan ya yi tsit. Sai ya ja numfashi, ya saki wata atishawa da ta harbo ni waje, na faɗa cikin taɓo da kai.

Da na goge idona, mutum ɗaya kaɗai na gani. Wani dogo ne ja, mai mashi, yana tsaye a kan hancin kadan yana ta suka a ido yana zaginsa da uwa da uba. Shi ya ƙarasa shi. Sunansa Jatau.

Da aka dawo aka gama kima aka ɗora tukunya, na koma gindin wata giginya da ƙanzo ba yaji. Can sai na ji motsi. Jatau ne ya zo da kwanonsa ya zauna nesa kaɗan, ya juya mini baya, ya kafa mashinsa a gabansa. Ya yi loma biyu, sannan ya ce da ƙarfi, “Kai mashi, yau ka ga abin mamaki? Kada ya ci mutum ya ji ba daɗi ya tofar.”

Ban san ko doka ta hana wannan ba. Na juya ta ta kowace fuska na ga ba ta ce komai a kan mutumin da ke magana da makaminsa ba. Sai na jingine sandata na ce, “Ke sanda, ki faɗa wa duk wanda ya tambaya, kadan ne bai iya cin yaji ba.”

Ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na yi, muryata ta fito wata iri, don ta daɗe a ajiye.

Daga ranar, duk inda aikin tawagar Tsahara ya kai ni, haka muke yi. Shi da kwanonsa, ni da nawa, baya da baya, shi yana ba mashi labari ni ina ba sanda amsa. A haka na san yana tsoron kunama fiye da dodo, na san garinsu Rijiyar Kanya, na san uwarsa Iya Kuluwa tana nan da rai kuma har yanzu tana yi masa faɗa a kan wanka. Ban taɓa ganin fuskarsa yana dariya ba, jin ta kawai nake a bayana. Wata rana a Dajin Ƙirya ya ce, “Kai mashi, in ka ga wani mai sanda ya ajiye sandarsa, ka ce masa akwai tsohuwa a Rijiyar Kanya mai miyar kuka da daddawar da take dakawa da kanta. Akushin gidan babba ne, ni kaɗai ba na iya masa.” Daga ranar na ƙudurta sai na cika ajiyata da wuri. Na daina sayen sabon takalmi, na daina hutun damina, duk inda aka ce dodo ya faɗi ina can.

Labarin ajiyata ya bazu, shi ya jawo mini Barau Mai Ƙulli. Akwai wata doka a gidan kima da aka sa don kada mai sanda ya hura farashi: abin da ya faɗa, in har rana ta karkata 'yan kasuwa suka watse ba wanda ya taya, shi ne mai saye, daga ajiyarsa za a biya. Barau da tawagarsa suka kira ni ƙwanƙolin Tsaunin Tagulla, inda suka kashe shamuwar tagulla. Tun daga nesa na ga tsohuwa ce tukuf. Gashinta ya yi kore, bakinta ya tsage, da ƙyar masu gyaran tukunya za su kalle ta. Tana kwance a bakin kwazazzabo, kanta yana lilo a sarari.

Barau ya dafa kafaɗata kamar abokin arziki, ya taka da ni har inda ƙasa ta ƙare, ya ce, “Mai sanda, mun ji kana da nauyi a gidan kima. Mu kuwa mun sha wuya a kan tsuntsun nan. Ka faɗi kima mai tsoka, mu sauka da ita ka maimaita a gaban shaidu. In ka ƙi, ga hanya mafi kusa zuwa ƙasa.”

Na leƙa na ga gonaki kamar faifai a ƙasa. Na ce, “Ranka ya daɗe, wa zai ƙi? Sai dai kima ba ta tsayawa sai an duba ƙarƙashin fiffike. Ku ɗan matsa kada a ce kun sa hannu.”

Suka matsa suna murmushi. Na hau bayan tsuntsun, na zura ɗamarata a wuyansa na ɗaure kaina. Abin da na sani daga fiɗa shi ne akwai jijiya a hammatar irin wannan tsuntsu wadda in an buge ta fiffike kan buɗe ko da ya kwana a mace. Na maka wa ta dama sanda, na maka wa ta hagu. Fikafikan suka buɗe da ƙara kamar an zubar da kwanukan amarya, ɗaya ya share Barau ya zaunar da shi a kan ƙaya, iskar kwazazzabo ta shiga ƙarƙashinsu, sai ga ni a sama a kan gawa. Ban san salati nawa na yi ba. Muka yi ta shawagi muna gangara har muka dira cikin wani tafki a tsakiyar masu wankin gwaza. A gabansu na buga sanda, ina ɗigar ruwa, na faɗi kimarta ta gaskiya. Barau ya sauko washegari ya tarar da rabonsa bai isa ya cire ƙayar ba.

Ina ba ka wannan labari ne don ka san yadda na riƙe ajiyar nan. Na gwammace in faɗo daga tsauni a kan mushe da in bari a taɓa ta.

Furfura ta gama cin gemuna, gwiwa ta fara ƙara, sannan saƙo ya zo daga gidan kima cewa ajiyata ta cika. Na kama hanyar Kasuwar Ƙaho ina tafe ina murmushi ni kaɗai kamar mai sabon taɓin hankali. Har na tsara abin da zan faɗa ranar da zan zagayo gaban Jatau in dube shi ido da ido. A mararrabar Dutsen Kura na ga mace a kan raƙumi tana tahowa da sauri. Tsahara ce. Ta durƙusar da raƙumin, ba ta ko gaishe ni ba.

“Mai sanda, dodo ya faɗi a Rijiyar Kanya. Kai ne mafi kusa.”

“Wane iri, uwar tawaga?”

“Shanyau ne.”

Na yi tsaki. Shanyau dodo ne da ke bin ƙarƙashin ƙasa yana zuƙe rijiyoyi har gari ya tashi. Girma kam yana da shi, amma duk ruwa ne. Ba tawagar da ke bin sa, don ba a samun ko na goro a jikinsa. Na ce, “Wane mara aikin yi ne ya ɓata mashinsa a kan shanyau?”

Ta sunkuyar da kai. “Mun jefa ƙashi ya ce kada a je. Ni ma na ce kada a je. Shi kuwa ya ce garinsu ne, uwarsa ba za ta iya ƙaura ba. Ya shiga ta bakin rijiya shi kaɗai, ya soke shi daga ciki. Ruwan da ya fashe ne ya tafi da shi. Jiya muka ciro shi.”

Ban tambaye ta wa take nufi ba. Na zauna a kan hanya. Ban yi kuka ba a lokacin, mai sanda ba ya kuka a gaban mafarauci.

Yanzu sai in faɗa maka wata al'ada ta mutanen Zarnaƙi, wadda tun zuwana ban taɓa sonta ba. Mafaraucin da dodo ya kashe, ba a binne shi sai an yi wa dodon kima. In ta kai diyyar mutum, sai a ce ya ba da rai ya karɓi daidai da shi, a buga masa ganga, a yi masa kirari, a binne shi a cikin gari, a riƙa sa wa jarirai sunansa. In ba ta kai ba, sai a ce ya yi wa ransa araha. A kai shi bayan gari ba kiɗa, ba a sake ambatar sunansa, ko uwarsa sai dai ta ce “wancan yaron”. Suna cewa wai don kada samari su riƙa zubar da rayukansu a banza. Ni dai na ga iyaye mata da yawa suna haɗiye sunan 'ya'yansu.

Muka isa da rana tsaka. Rijiyar Kanya ƙaramin gari ne, kanya ɗaya babba a tsakiya. Rijiyoyi sun cika har baki, mata suna ɗiba ba mai magana. Gawar shanyau tana shimfiɗe daga bakin rijiya har bayan masussuka, ta saɓe kamar tsohuwar salka. A inuwar kanyar an rufe mutum da zana, ƙafafunsa dogaye sun leƙo. Kusa da shi wata 'yar tsohuwa tana korar ƙudaje da mafici. Makaɗin gari yana tsaye da gangarsa a hammata, bai san ko zai buga ba. 'Yan kasuwa ma sun zo don doka ta ce su zo, babbansu wani mai tumbi, Dillali Gagarau, ya toshe hanci da gefen rawani.

Na tuɓe riga na fara aiki. Wallahi ban taɓa bincika gawa kamar wannan ba. Na bi fatar taku bayan taku, ina ja tana yagewa a hannuna. Na karya ƙashi na ga kamar karan dawa. Na shiga ciki ina neman matsarmama, ko kitse, ko wani ɗan dutse da littattafanmu suka manta, ina roƙon Allah Ya sa Baba Tunau ya yi kuskure ko sau ɗaya. Ba komai sai laka da wari. Ko ungulu ba ta sauko ba.

Da na fito Tsahara ta matso ta ce a hankali, “Faɗa kawai, mai sanda. Kowa ya sani. Tsohuwar ma ta sani, tun safe ta sa aka haƙa kabari a bayan gari.”

Na tsaya da sanda a hannu. Na ga akushin da na yi shekaru ina gani a mafarki, na ga kaina ba sanda, ina zaune a cikin mutane ana miƙo mini ruwa. Ko ba Jatau, da ajiyar nan zan iya zama mutum a kowane gari, in ci da duk wanda na ga dama. Kada ka ɗauka ban so ba, na so har raina. Sai na dubi ƙafafun nan da suka leƙo daga zana, na tuna su kaɗai ne ba su gudu ba a Fadamar Gishiri.

Na buga sanda a ƙasa na ce, “Ku shaida. Kimar wannan dodo diyyar mutum ɗaya ce, ba ragi.”

'Yan kasuwa suka fashe da dariya. Gagarau ya ce, “Mai sanda, rana ce ta taɓa ka? Wannan ko kyauta aka ba ni sai an biya ni ladan ɗauka.”

Na ce, “Dillali, in za ka taya ka taya. In ba ka tayawa ka ba mutane wuri.”

“Ka san dai dokarku?”

“Na riga ka saninta.”

Ya daina dariya. Muka tsaya a rana muna jira, ba wanda ya taya, dama wa zai taya? Har yau akwai masu cewa ƙarya na yi, ni kuwa ban yarda ba. Kima ita ce abin da mai saye zai biya, kuma mai saye yana tsaye a wurin. Da inuwar kanya ta miƙe gabas, 'yan kasuwa suka naɗe buzayensu, na ce a gaban kowa a aika gidan kima a kwashe ajiyar Cindo ɗan Nomau a kawo wa uwar mamaci. Kafin in rufe baki makaɗi ya saki ganga. Wani ya ɗaga murya, “Jatau na Kuluwa! Jatau mai mayar da ruwa!” Tsohuwar ta yar da mafici ta kira sunan ɗanta da ƙarfi, ta sake kira, ta sake, kamar mai tsoron kada a ƙwace. A gindin kanyar aka binne shi kafin la'asar ta yi sanyi.

Ina gefe ina ɗaure jakata sai na ga mutane suna buɗa hanya. Iya Kuluwa ce, ɗauke da akushi babba, tururi yana tashi. Ta dire shi a gabana, ta zauna a ɗaya gefen, ta tura mini ƙwaryar wanke hannu. Ƙamshin daddawa ya bugi hancina, yawu ya cika mini baki, idona ya cika da ruwa.

Ta ce, “Ɗana ya ce akwai baƙon da zai zo gidan nan wata rana. Ya ce in ya zo kada in dame shi da tambaya, in zuba masa kawai. Wanke hannu, ɗan nan.”

Na ce, “Iya, ba zan iya ba.”

“An faɗa mini abin da ka yi. Ni tsohuwa me zan yi da dukiya? In ta iso ka kwashe abinka, ka je ka fanshi kanka, ka dawo ka zauna a ɗakinsa.”

Na ɗaga kai na ga Gagarau bai tafi ba, yana tsaye jikin raƙuminsa yana kallonmu, shi da sauran. Na ce, “Iya, in ko wuri ɗaya na kuɗin ya fito daga gidan nan ya shiga hannuna, ko yau ko bayan shekaru, za a ce sayen bakina aka yi. In na sa hannu a akushin nan, haka. Kimar ta rushe, a tone shi a kai shi bayan gari, ki koma ce masa wancan yaron.”

Ta ce, “Ko loma ɗaya?”

“Ko loma ɗaya, Iya.”

Ta sa hannu biyu ta jawo akushin gabanta a hankali, ta rufe shi da faifai. Ta ce, “To Allah Ya ciyar da kai a inda ba mai hanawa.” Na ce amin. Na roƙi samarin gari su tara kara su ƙone mini mushen shanyau, tunda yanzu nawa ne kuma yana damun mutane da wari. Na ɗauki sandata na fita ta ƙofar yamma, sai da na wuce gonaki sannan na yi kukan da nake riƙewa.

Wannan ita ce hikayata, ya kai mai karatu, abin da na ƙara Allah Ya yafe, abin da na rage Ya fi ni sani. Sandar tana hannuna har yau. An buɗe mini sabuwar ajiya, amma ni da gwiwoyina mun san ba za mu ga cikarta ba. Ban sake shiga Rijiyar Kanya ba, kada wani ya ce na je karɓar wani abu. Sai dai in aiki ya bi da ni ta wannan yanki, nakan zaɓi hanyar da ta bi bayan danganta, ko da ta fi nisa, in daidaita tafiyata da lokacin sauke tukunya. Garin ya cika da yara yanzu. Nakan tsaya a bayan danga kamar mai gyara takalmi, har sai na ji wata uwa daga wani gida ta ɗaga murya ta ce, “Jatau! Kai Jatau! Zo ka ci tuwo kafin ya huce!”